Katin tarot da ya fito a juye: a karanta shi haka ko a miƙar da shi?

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce a Ingila kuma ina rubuta labari da nake turawa mutane a WhatsApp, a ciki akwai wata Baturiya mai duba da kati da take neman ruɗar yarinyar labarin. Ina so in sayi katin tarot ɗin nan in ga yadda yake don kar in yi shirme, to sai na ji wasu na cewa in kati ya fito kansa a ƙasa ma'anarsa daban ce, wasu kuma sun ce a juyo shi kawai a ci gaba. Wanne zan bi, kuma wane iri zan saya?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Tunda kin ce labari kike rubutawa to mu je, amma dai kin san matsayin duba a wajenmu, hadisin da Muslim ya ruwaito kan wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, ba sai na maimaita miki ba. Ki saya ki kalli zanen, kar ki zauna kina tambayar kwali wa zai aure ki.

Shi katin nan asalinsa ma na wasa ne, karta ce kamar yadda ake buga Whot a majalisa. A arewacin Italiya ya fara, wajejen Milan da Ferrara a shekarun 1440, guda 78 ne, 22 manya masu hotuna sai 56 da aka raba gida huɗu. Sama da shekara 300 ana buga shi babu wanda ya ce yana faɗin gobe. Maganar juyewa kuma wani mutumin Faris ne ya yaɗa ta, Jean-Baptiste Alliette, ɗan kasuwa ne da ya taɓa sayar da irin shuka, a 1770 ya fitar da littafi kan duba da karta inda ya ba kowane kati ma'ana biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a juye. Abin dariyar shi kansa sunansa ya juya ya koma Etteilla, da shi aka san shi har yau. Kinga kenan ba wata tsohuwar doka bace daga Misira kamar yadda masu sayarwa suke ta kurarawa, mutum ne ya zauna ya tsara abinsa.

Shi yasa su kansu masu harkar ba su taɓa haɗa baki ba. Wata zata ce miki kati a juye kishiyar ma'anarsa ce, wata ta ce a'a ma'anar na nan sai dai ta yi rauni, wata kuma ta ce abin zai zo amma da jinkiri, uku kenan a kan kati ɗaya, kuma wanda aka zana ma da mugun abu, kamar zuciyar nan da takubba uku suka soke ana ruwan sama a bayanta, in ya juye sai a ce ai ciwon ya fara warkewa ne. Wasu da yawa kuma musamman masu amfani da tsarin Marseille na Faransa basa kula juyewar sam, su miƙar da kati su wuce.

Ni dai in nice ke, Baturiyar nan sai ta karanta na juye. Kati 78 ya koma ma'ana 156, ga ƙofar gudu a ko'ina, duk abin da ta faɗa bai faru ba sai ta ce ai kin ga a juye ya fito, jinkiri ne. Mai ruɗar mutane abin da take so kenan. Kuma ki lura da hannunta, kati baya juyewa da kansa, in ta cakuɗa shi hannu da hannu kamar Whot duk a miƙe zasu fito, sai ta baza su kan tebur ta dama su da tafin hannu ko ta yanke rabi ta juya kafin ta haɗa, toh in an dama sosai kusan rabi ne zasu fito kai ƙasa. Ki sa wannan a labarin, mai karatu zai ga abin da idonsa.

Batun saye kuwa ki nemi Rider-Waite, wanda aka fara bugawa a Landan a 1909, Pamela Colman Smith ce ta zana shi kuma kowane kati har ƙananan da hotonsa, yawanci na mutane, don haka juyewa tana fitowa fili. Akwai mai lamba 12, mutum ne an rataye shi da ƙafa ɗaya kansa a ƙasa, in kika juya shi sai ki ga kamar yana tsaye yana rawa, wallahi shi kaɗai ya isa babi guda. Na Marseille ƙananansa tsabar kuɗi ne da sanduna da kofuna da takubba kawai a jere, wasu ko kin juya da ƙyar ki gane. Sannan ki duba bayan katin kafin ki biya, ki ɗauki wanda zanen bayansa iri ɗaya ne ta sama da ta ƙasa. Kar ki kashe kuɗi kan masu ruwan zinare a baki, na talaka ya wadatar, yawanci da ɗan ƙaramin littafi a cikin kwalin mai ma'anonin duka biyu.

Tambaya: Anti wai da gaske ana buga wasa da shi ko duk na duba ne?

Amsa: Ana bugawa sosai ɗana, a Faransa har yau mutum huɗu ke zama su buga kuma har gasa suke yi. Sai dai nasu katin daban ne, Tarot Nouveau ake ce masa, sarki da sarauniya kai biyu garesu sama da ƙasa kamar na karta da ka sani, duk ta inda ka riƙe shi daidai ne.