Tayar Arabiyya Ba A Sayenta Da Ƙiyasi

Wata Hajiya mai sayar da abinci a Misfala, Makka, ta rubuto cewa tayar teburin da take turo tukwane a kai ta sha zarewa daga ƙafar. Ta sake sabuwa, ita ma ta zare, har miya ta kusa ƙona jikarta.

Hajiya, sannu, Allah Ya ƙara tsarewa. Ba hannunki ne ba ya riƙon kaya ba, awo ne bai daidaita ba. Ƙafar teburin bututu ce, kuma abin da ake aunawa shi ne faɗin raminsa na ciki. Bututu biyu za su iya zama milimita 25 a waje, amma ramin kowanne daban saboda kaurin ƙarfen. Ki sa yaro ya cire tayar, ya auna ramin, ya rubuta a takarda, ya tafi shago da tsohuwar tayar. Ya nemi irin wadda ke da roba a wuyanta: ana zura ta, ana ɗaure notin da sifana, sai robar ta kumbura ta kama bututun ta ciki. Kada a bari wani ya buga ta da guduma. In bakin bututun ya riga ya buɗe ko ya tsage, a kai wa mai walda ya rage ƙafafun huɗu daidai, ya liƙa noti a ciki, a sa taya mai zare. Kuma tunda abu mai zafi kike ɗauka, biyu su kasance masu birki.

Wani matashi daga Jidda yana tambaya ko zai iya cire tayoyin tsohuwar kujerar ofis ya sa wa arabiyyar kaya, wato amalanken da ake turawa da hannu.

A'a, ɗana. An yi su ne don mutum yana zaune a kan tayil. Ka hau kwalta da su, kafin la'asar ka dawo da kaya a ka.

Wani mai shago a Bab Makka, Jidda, ya ce an sayar masa da tayoyi a kan kowacce tana ɗaukar kilo 100. Ya ɗora buhunan shinkafa da ba su kai kilo 400 ba, ɗaya ta fashe.

Malam, lissafinka ne ya fara cin amanarka. Ƙasa ba ta taɓa zama shimfiɗe ba, kusan kullum taya ɗaya tana lilo a sama, uku ke aiki. Don haka ka haɗa nauyin kayan da na arabiyyar kanta, ka raba uku, abin da ya fito shi ne ƙarfin da kowace taya ke bukata.

Sannan wa ya ce maka kilo 100 ɗin gaskiya ne? Nan ne nake jin haushin mutanenmu. Mutum zai yi ciniki rabin sa'a a kan riyal biyar, ya ɗauki taya marar suna, marar kwali, don kawai mai shago ya rantse. Lambar da aka buga a jikin jabu ba ta wuce ado ba. Ka ɗauki tayar a hannu. Ka juya wuyan: mai kyau yana juyawa sumul, ba ya kwarkwar. Ka girgiza, in ka ji boris yana kaɗawa, ajiye ta. Ka dubi ƙarfen da ya rungumi tayar, in siriri ne kamar gwangwanin madara, nauyi zai lanƙwasa shi cikin mako. Baƙar roba mai wari kuwa, zafin Makka na tausasa ta, ta sule daga jikin tayar, ta kuma bar zane a tayil. Kuna saye sau uku, kuna biyan mai gyara sau uku, kuna asarar kaya a hanya, sannan ku ce kun samu araha. Har ta haraji, wato kasuwar gwanjo, ba na hana saye, tsohuwa mai asali ta fi sabuwar jabu, amma a juya ta a gani kafin a biya. Don kaya masu nauyi a kan titi, kada faɗin taya ya gaza milimita 125, kuma biyu su zama masu juyawa, biyu tsayayyu. Huɗu masu juyawa sun fi daɗi a lungu, amma a gangare arabiyyar ce za ta ja ka.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko man girki zai hana taya ƙara.

Man girki na tukunya ne, 'yar'uwa. Yana daskarewa ya tara ƙura. Kifa teburin, ki zare gashi da zaren da suka naɗe a gindin tayar, don sau da yawa su ne ke riƙe ta, sannan ki sa ɗan giris a wuyan. Mutanen Jidda su riƙa dubawa akai-akai, domin iskar teku na kawo tsatsa da wuri, kuma a sake ɗaure noti duk lokacin da aka ji ƙafa ta fara rawa.