Shin talauci ne ke sa mutum aikata laifi?

Tambaya: Malam, kullum ana cewa talauci ne ke jawo sata da fashi. To me ya sa yawancin talakawa ba sa sata, alhali wasu masu hali na wawure dukiyar jama'a? Me masana zamantakewa suka ce?

Amsa: Talauci na da hannu a ciki, amma shi kaɗai bai isa hujja ba.

Robert Merton, masani ɗan Amurka, ya yi bayani a 1938 cewa al'umma ce ke cusa wa kowa burin yin arziki, sannan ta toshe wa da yawa hanyoyin halak na kaiwa gare shi. Wanda burin ya cika masa zuciya, ƙofa kuma ta rufe, sai ya bi ta bayan gida. Wani ya haƙura da burin ya riƙe ƙa'ida, wani kuwa ya watsar da duka biyun ya faɗa shaye-shaye. A ganina bayanin ya fi dacewa da laifukan neman kuɗi, don bai warware batun fyaɗe ko kisan da fushi ya jawo ba.

Batun masu hali kuwa, Edwin Sutherland ne ya fi taɓo shi. Ya ce laifi koyonsa ake yi wurin abokan zama, har da dabarunsa da uzurin da mai yi ke ba kansa. A 1939 ya jawo hankali ga laifukan manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda ba yunwa ta kore su ba. A ofis suka tarar ana yi, suka ɗauka.

Travis Hirschi a 1969 ya juya tambayar kamar yadda ka yi: me ke hana sauran? Ya lissafa shaƙuwa da iyaye da malamai, da abin da mutum ke tsoron rasawa, da shagaltuwa da aiki ko karatu, da yarda cewa doka gaskiya ce. Talakan da ke da waɗannan ba ya saurin kaucewa.

Ka kuma yi hattara da alƙaluman 'yan sanda. Howard Becker ya nuna a 1963 cewa jama'a ce ke liƙa wa mutum sunan mai laifi, kuma ba kowa ake liƙa wa ba. Ɓarawon waya a titi ake kama shi, mai almundahana kuwa sau da yawa maganarsa a ofis take mutuwa, ba ta shiga lissafi.