Na saka sabon katin girafik, ekaran ya ƙi kawo hoto: katin ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon haɗa katunan gayyata da bidiyon biki a Tahoua. Na aika Yamai aka sayo mini katin girafik GTX 1060 na hannu, aka ɗoro shi a mota. Tsohon katina da shuɗiyar wayar VGA yake aiki, wannan kuwa ba shi da raminta. Mai gyara ya kawo ɗan adafta daga DVI zuwa VGA, ya ƙi shiga, sai ya sa filaya ya karya masa haƙora huɗu har ya shiga. Ekaran dai "Pas de signal" kawai yake rubutawa. Yanzu ya ce katin ne ya mutu, in ba shi jika goma ya gasa shi da iska mai zafi. A bayan ekaran ɗin akwai wani farin rami da ban taɓa amfani da shi ba. Aikin mutane yana hannuna, ranar Juma'a za su zo. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, sannan ka je ka karɓo katinka yau ɗin nan tun kafin a kusantar da shi da wuta. A cikin duk abin da ka faɗa babu alama ko ɗaya da ke nuna katin ya mutu. Adaftan nan ne ba zai taɓa aiki ba, ko da sabo dal ka sayo katin a kwali.

DVI ba iri ɗaya ba ne. Akwai DVI-I, akwai DVI-D. Ɗauki wayar DVI ka duba kanta: a gefe guda akwai wani haƙori mai faɗi kamar bakin sukundireba. In akwai ƙananan haƙora huɗu kewaye da shi, biyu sama biyu ƙasa, DVI-I ne, kuma waɗannan huɗun su ne ke ɗauke da hoton analog, irin wanda VGA ke ganewa. Sauran haƙoran galibi na dijital ne. Ɗan adaftan da aka kawo maka babu komai a cikinsa sai wayoyi da ke kai hoton waɗannan huɗun zuwa ramukan VGA. To Nvidia, kamfanin da ke yin katunan GTX, ta daina fitar da analog daga katunanta tun jerin GTX 10 da suka fito a 2016, naka yana cikinsu, shi ya sa raminsa DVI-D ne, a toshe yake a wurin haƙoran huɗu. AMD ma, wani kamfanin katunan girafik, ta riga ta farawa, tun katinta R9 290 a 2013. Ka ga ke nan mai gyaranka haƙoran da ake buƙata su ya karya, kuma ko da ya bar su, babu abin da za su ɗauko daga katin.

Wannan ita ce cutar da nake fama da ita kullum a teburina nan Yamai: tunanin cewa duk abin da ya shiga rami to daidai ne, in kuma ya ƙi shiga a tilasta masa. Waɗanda suka ƙera ramin nan da gangan suka toshe shi. Ko haƙorin nan mai faɗi sun sa na DVI-I ya fi na DVI-D faɗi, don hannunka ya ji turjiya ka tsaya ka yi tambaya. Amma mutumin da ya koyi gyara da kallon bidiyo biyu a waya, turjiya a wurinsa gardama ce da filaya ke rabawa. An kawo mini kati da raminsa ya tsage, haƙoran cikinsa sun lanƙwashe sun taɓa juna, alhali ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wuta bolt 5. Mai shi ya rantse mini haka aka sayar masa. Da na haska tocila sai ga guntun haƙorin adafta maƙale a ciki.

Kai naka ma da sauƙi, asarar adafta ce kawai. Inda wannan ɗabi'a ke ƙona dukiya shi ne wajen wayar wuta. A cikin akwatin kwamfuta akwai wayoyi biyu masu baki takwas da suka yi kama kamar Hasan da Husaini: ɗaya ta furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗaya ta katin girafik. An sassaƙa bakunansu daban don kada su shiga gurbin juna, amma roba ce, in ƙato ya danna za ta shiga. A ta furosesa wayoyi huɗu ne ke kawo bolt 12, a ta katin girafik uku ne, kuma jerinsu a juye yake, inda wannan ke da wuta can ɗayar ke da ƙasa. In Allah ya taimake ka, akwatin wutar, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, zai tsare kansa ya ƙi tashi. In irin mai arhar nan ne marar suna, sai ka ji ƙauri. Haka masu ɗauko wuta daga wayar SATA, wato wadda ke ba faifan ajiyar bayanai wuta, da ɗan adafta su ba kati: bakin SATA iyakarsa wat 54, baki mai ramuka shida na katin girafik kuwa an yi shi ne don wat 75. Zai yi aiki mako biyu, ranar da ka sa shi haɗa bidiyo cikin zafin Afrilu sai robar ta narke. Duk wannan daga "ai ya shiga" yake farawa. Kuma wanda ya yi ɓarnar shi ne zai juyo ya ce maka kayan na hannu ne, dama a mace aka kawo shi, ka ƙaro kuɗi. Dukiyar mutum amana ce. In ba ka san abu ba, me zai rage maka in ka ce a kai wa wani?

Batun gasa katin kuwa, dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwar katin sai zafi ya haura digiri 200 take narkewa, kafin nan ƙananan kayan da ke kewaye sun sha wuya. Lafiyayyen kati za a gasa maka.

Yanzu ga abin yi. Farin ramin da ka gani a bayan ekaran ɗinka DVI ne, kuma shi ne mafitarka. Nemi wayar DVI-D baki biyu, ko wayar da ke da HDMI a baki ɗaya DVI a ɗayan, domin su biyun yare ɗaya suke yi wajen hoto, ba sa buƙatar tafinta. Sauti ne kawai kada ka sa rai da shi. Kashe kwamfuta da ekaran, zare su daga bango, sannan ka haɗa. Ina nanata zarewar saboda gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa. In kana jin akwatin yana ɗan cizonka in ka taɓa, haɗa waya da wuta a jiki na iya kashe ramin. Ka tabbata cikin katin ka soka, wato ramukan da ke ƙasa a kwance, domin na sama na babban allon kwamfutar ne, kuma galibi suna daina aiki da zarar an saka kati. Sai ka danna maɓallin ekaran ka zaɓi DVI da hannunka. Tsofaffin ekaran da yawa ba sa juyawa da kansu, suna nan suna jiran VGA.

Duba kuma an soka wa katin wayarsa ta wuta. GTX 1060 yana cin wat 120, gurbin da yake zaune wat 75 kawai yake bayarwa, kuma Nvidia akwatin wuta mai wat 400 ta ce a sa masa. In fankarsa ba ta juyawa kada ka firgita, da yawansu sai sun ɗauki zafi suke tashi.

In ba ka samu wayar a Tahoua da wuri ba, ciro wayar HDMI daga bayan dikodar gida ka gwada kwamfutar da talabijin. Hoto ya fito, magana ta ƙare, kuma kana iya gama aikin Juma'a a kan talabijin ɗin. In sunan kamfanin kwamfutar ya bayyana sannan ya yi baƙi lokacin da Windows ke shigowa, tsohon direba ne, wato manhajar da ke sarrafa tsohon katinka, ke faɗa da sabon kati: shiga yanayin gyara na Windows (Safe Mode), goge shi da manhajar DDU, ka saka na GTX 1060. In kuma dole sai VGA, akwai adafta daga HDMI zuwa VGA mai ɗan akwati a jiki, shi yana da ƙwaƙwalwar da ke juya dijital zuwa analog, amma hoton ba zai kai na DVI kaifi ba, kai kuma aikinka na ido ne.

In talabijin ma ta ƙi, haska tocila cikin ramin DVI na katin ka duba ko akwai lanƙwasa, ka karanto mini abin da ke rubuce a jikin akwatin wutar, ka sake rubuto mini.