Kun Tambaya, Mun Amsa: Ina Super Sand Eagles Ta Shige?

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga ƙwallon yashi, wadda wasu ke kira ƙwallon bakin teku. Mun zaɓi guda biyar daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna ta gardama a majalisarmu. Wasu sun ce tawagar ƙwallon yashi ta Najeriya ba ta taɓa tsinana komai ba, ni kuwa na ce ta taɓa ɗaukar kofi. Don Allah ku raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kai ne da gaskiya, kuma ba kofi ɗaya ba ne, biyu ne. Tawagar tamu, wato Super Sand Eagles, ta zama zakaran Afirka a 2007 da 2009, duka a birnin Durban na Afirka ta Kudu. A 2007 Senegal ta doke a wasan ƙarshe, a 2009 kuma Kwaddibuwa. Ban da waɗannan, sau huɗu tana kai wa wasan ƙarshe kofin yana kuɓuce mata: a hannun Kamaru a 2006, sai a hannun Senegal har sau uku, a 2011 a Kasablanka, a 2016 a Legas, da 2018 a Sharm El Sheikh ta ƙasar Masar. Na 2016 ya fi ciwo, don a gida aka yi shi, gaban 'yan kallonmu, aka tashi 8 da 4. Na 2018 kuwa 6 da 1 aka tashi.

Akwai abin da ya kamata 'yan majalisarku su lura da shi. Gurbi biyu ake ware wa Afirka a wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya, kuma ƙasashen da suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka su ke samun su. Saboda haka wasan kusa da na ƙarshe shi ne mai tsada. Ka ƙirga wasannin ƙarshen nan shida, za ka ga su ne suka kai Najeriya gasar duniya sau shida: 2006, 2007, 2009, 2011, 2017 da 2019.

Sau biyu ta tsallake matakin rukuni. A 2007, a gaɓar Kofakabana ta birnin Rio, ta fito daga rukunin da ke da Faransa da Ajantina, sannan Yurugai ta tare ta a kwata-fainal. Kwata-fainal na 2011 a Ravenna ta Italiya shi ne wasan da har gobe masu bin harkar ke tunawa. Brazil ce a gabanta, wadda ta ɗauki kofuna huɗu a jere daga 2006 zuwa 2009. Aka cinye minti 36 ana 8 da 8, sai a ƙarin lokaci Brazil ta ƙara biyu, aka tashi 10 da 8. A ganinmu wannan ne ƙololuwar abin da tawagar ta taɓa yi, ko da yake ba ta yi nasara ba.

Daga nan sai abu ya riƙa ja da baya. A 2017 a Bahamas ba ta wuce rukuni ba. A 2019 a Faragwai ta faɗa rukunin Brazil da Fotugal da Oman, ta sha kashi a wasanni ukun duka. Tun daga lokacin an yi gasar duniya a 2021 da 2024 da 2025, babu Najeriya a ko ɗaya.

Tambaya: Me ya sa ake cin ƙwallaye rututu a wannan wasa? Na ga sakamako irin 10 da 8 na ɗauka ko ƙwallon hannu ce. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, sirrin yana cikin girman filin da dokokin wasan. Tsawon fili mita 35 zuwa 37 ne, faɗinsa mita 26 zuwa 28, ragar kuwa faɗinta mita biyar da rabi, tsayinta mita 2.2. Wato filin ƙarami ne, raga kuma babba ce idan aka gwada da shi, don haka daga ko'ina ana iya auna raga, har mai tsaron gida yakan ɗaga ƙwallo ya ɗirka daga gidansa ta shiga. Mutum biyar ne a kowane ɓangare har da gola, babu satar gida, kuma ana canjin 'yan wasa ba iyaka. Zango uku ake yi na minti goma sha biyu-biyu, ana tsayar da agogo idan an ci ƙwallo ko an busa keta, saboda haka ɓata lokaci ba ya biyan mai yin sa.

Babban abin shi ne bugun tazara. Ba a yin katanga. Wanda aka yi wa ketar shi zai buga da kansa, sai fa idan ya ji rauni, kuma daƙiƙa huɗu kawai yake da ita bayan an busa. An yarda ya tara ɗan tudun yashi da ƙafarsa ko da ƙwallon, ba da hannu ba, ya ɗora ta a kai. Kowace keta ke nan kusan fenariti ce. Sannan babu canjaras: idan an tashi kunnen doki a ƙara minti uku, idan bai raba ba a je bugun fenariti. A matakin rukuni maki uku ne ga wanda ya ci a lokacin wasa, biyu a ƙarin lokaci, ɗaya a fenariti.

Tambaya: Yaya aka yi Senegal ta yi mana fintinkau haka, alhali mun riga ta ɗaukar kofi? Mu da muke da 'yan ƙwallo kamar ƙasa, me zai hana a kwaso gwanaye daga gasar Firimiyar Najeriya a kai su yashi? Daga wani mai horar da yara a Jos.

Amsa: Koci, abin da ka ba da shawara shi aka daɗe ana yi, kuma a nan matsalar take. Fitattun 'yan wasan tawagar Najeriya irin su Abu Azeez da Bartholomew Ibenegbu sun buga wa kulob-kulob na ciyawa a gasar cikin gida. A shekarun farko hakan ya wadatar, domin yawancin ƙasashe haka suke yi, kuma ƙarfi da gwanintar ɗan wasa ɗaya kan ci wasa. Yanzu zamani ya wuce nan. Ƙasashen da ke kan gaba suna da 'yan wasan da ba su da wata sana'a sai yashi.

Senegal ta ɗauki kofin Afirka sau takwas: 2008, 2011, 2013, 2016, 2018, 2021, 2022 da 2024. A gasar duniya ta 2021 a Mosko ta fitar da Brazil a kwata-fainal ta ƙare ta huɗu, a 2025 a tsibiran Seychelles ta sake ƙarewa ta huɗu. Ba tsafi ba ne. Yaran unguwannin gaɓar teku na Dakar a kan yashi suke tashi, kuma an bar ginshiƙan tawagar tare shekara da shekaru. Golansu Al Seyni Ndiaye ya fi shekara goma yana tsare musu raga.

Ga abubuwan da ke ba ɗan wasan ciyawa kunya idan ya hau yashi. Na farko, ƙwallo ba ta gangara. Ka ba da ita ta ƙasa, sai ta faɗa sawun ƙafar wani ta tsaya, ko ta yi tsalle ta canja hanya. Gwanin yashi da ya karɓa sai ya cusa yatsun ƙafa ƙarƙashinta ya ɗaga ta, ya riƙe ta a cinya ko ƙirji, ya miƙa ta sama ba ta taɓa ƙasa ba. Ɗan ciyawa zai so ya ja ta, kafin ya yi taku uku an ƙwace.

Na biyu, gudu. A yashi mai zurfi ƙafa nutsewa take yi, ba ta samun abin tokarawa, sai sha-raɓa da cinya su ɗauki wuta. Wanda ke iya minti 90 a ciyawa yakan fara haki cikin 'yan mintuna. Shi ya sa manyan tawagogi ke canja 'yan wasa bayan kowane minti biyu zuwa uku, wani lokaci mutum huɗu a tashi ɗaya. Tawagar da ta dogara da gwanaye biyar kawai takan riƙe wuta a zango na farko da na biyu, a na uku a yi mata ruwan ƙwallaye.

Na uku, gola. A yashi shi ne mai tsara wasa. Yakan fito da ƙwallo a ƙafa ya zama ɗan wasa na biyar a kai hari, ko ya jefa ta da hannu daidai ƙirjin ɗan gaba wanda ya juya wa raga baya, shi kuma ya yi alkafura ya buga. Doka ta kare wannan bugun alkafura: idan mai tsaron baya ya tsoma baki ya taɓa mai yin sa, keta ce. Gola kuma ba zai wuce daƙiƙa huɗu da ƙwallo a gidansa ba, kuma idan abokin wasansa ya mayar masa ya kama da hannu, ba zai sake kamawa daga abokinsa ba sai abokin hamayya ya taɓa ta. Sansanin mako biyu kafin gasa ba ya koyar da waɗannan. Gasar cikin gida mai ɗorewa ce ke koyarwa, shi ya sa muke ganin ƙoƙarin da ake yi a jihohi irin su Kebbi da Kaduna ya cancanci a tallafa masa da gaske.

Tambaya: Idan an ba ɗan wasa jan kati, haka za a ƙarasa da mutum huɗu? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Shi wanda aka kora ya tafi ke nan, amma bayan minti biyu wani zai maye gurbinsa. Idan aka zura wa masu mutum huɗun ƙwallo kafin minti biyun su cika, nan take za su cike gurbin.

Tambaya: Mu nan ba mu da teku. Za mu iya yin fili a makarantarmu? Me za mu tanada? Daga wani malamin motsa jiki a Gusau.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Siwizalan ba ta da teku amma ta kai wasan ƙarshe na duniya a 2009, haka ma Belarus a 2025. Yashi ake buƙata, ba ruwa ba.

Zurfin yashi a filin gasa kada ya gaza santimita 40. Idan ka auna mita 36 da 27, za ka buƙaci yashi kusan kubik mita 390, ban da na gefen fili. Ka tambayi mai tifa kubik nawa motarsa ke ɗauka kafin ku yi ciniki, don tifa tifa ce amma cikinsu ba ɗaya ba. Idan aljihu bai kai ba, gara ka rage girman filin atisaye da ka rage zurfi. Yashi mara zurfi yaudara ne: yaro zai yi alkafura ya faɗo da baya ya tarar da ƙasa mai tauri.

Irin yashin ma abin dubawa ne. Ka ɗebi danƙi ɗaya ka jiƙa shi ka matse a hannu. Idan ya dunƙule ya bar maka laka a tafi, akwai yumɓu a ciki, kuma ruwan sama ɗaya zai mai da shi kamar daɓe. Wanda ya yi laushi kamar gari kuma ƙura zai riƙa tayarwa, mai kaifi irin na kwaɓa siminti ya goge fata. Yashin kogi wankakke mai matsakaicin ƙwaya shi ne daidai. A tace shi da rariya a fitar da tsakuwa da fasassun kwalabe da ƙaya, domin ba takalmi ake wasan, iyaka a ɗaure idon sawu da bandeji. A shimfiɗa tsakuwa a can ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a rufe ta da shimfiɗa mai barin ruwa ya wuce don kada ta haɗu da yashin, a kuma kewaye filin da abin da zai tare shi kada damina ta kwashe.

Ba a zana layi da farar ƙasa. Kintinkiri mai faɗin santimita goma ake shimfiɗawa a iyakar fili, a binne maƙalansa cikin yashi, kada a bar ƙusa ko turke a sama. Jajayen tutoci ke nuna kusurwoyi da tsakiyar fili, masu ruwan ɗorawa kuma su nuna gidan gola, mita tara daga layin raga. Ƙwallon takan yi nauyin giram 400 zuwa 440, kuma ba a cika mata iska kamar ta ciyawa, saboda ƙafar da ba takalmi.

Sai zafi. Yashin da rana ta gasa da azahar yana iya tayar da bororo a tafin ƙafa, don haka a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar, a yayyafa ruwa kafin a fara. Bayan kowane atisaye a bi filin da manjagara, a jawo yashin da ya taru a gefe a mayar da shi gaban raga da tsakiya, don nan ne yake fara ramewa.