Kayan feshin fentin mota a gida

Ka tambayi irin bindigar feshi da fentin da za ka saya don motarka. Nemi bindiga samfurin HVLP (wadda ke fitar da iska mai yawa amma ba da matsi mai ƙarfi ba) mai kofin fenti a sama, bakinta milimita 1.3 ko 1.4, da injin iska mai babban tanki, sannan fentin 2K (wanda ake haɗawa da sinadarin da ke sa shi tauri kafin a fesa), amma ka sani tururinsa yana cutar da huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi.

Sharaɗina ɗaya shi ne ka sa matatar da ke cire ruwa daga iska a tiyon iskar. Na taɓa fesa ƙofa babu ita, danshin tanki ya biyo iska ya tayar da ƙuraje a fentin, sai da na kankare na sake.