Amsoshin tambayoyinku: a ina za a zuba lissafin magaza?

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa, sukari da man girki a babbar kasuwar Maradi ya rubuto: "Ina da magaza a nan, ina da wata a Tasawa. Yara uku ke shigar da lissafi a Excel, kuma kullum sai an samu saɓani. Wani ya ce in sayi Access, wani ya ce Oracle. Wanne zan saya?"

Alhaji, kada ka fitar da ko dala a kan lasisi tukuna. Excel bai cika maka ba, domin shafi guda yana ɗaukar layi 1,048,576. Abin da ke damunka shi ne kowane yaro da nasa kwafin, ga shi babu mai hana shi rubuta abin da ya ga dama. Access da Oracle manhajojin rumbun bayanai ne, wato ma'ajiyar lissafi a kwamfuta. Access yana da kyau ga kwamfuta ɗaya ko biyu a ɗaki guda, amma fayil ɗinsa ba ya wuce giga 2, kuma ba a yi shi don haɗa garuruwa biyu ba. Oracle kuwa na bankuna ne da manyan kamfanoni. Sayensa a wurinka kamar ɗauko tirela ne don buhu biyar. PostgreSQL ko MariaDB, su ma manhajojin rumbun bayanai, sun ishe ka, dukansu kyauta ne. Kuɗinka ya tafi ga wanda zai tsara maka rumbun bayanan.

A nan ne zan ɗan daɗe, don a nan ake cutuwa. Ka sa ya raba tebura, wato jadawalan da ake zuba bayanai a ciki: na abokan ciniki daban, na kaya daban, na ciniki daban, na biyan bashi daban, kowane mutum da lambarsa wadda ba ta canzawa. Masu suna Abdu Isa nawa ne a Maradi? Ga wani yaro zai rubuta Moussa, wani ya rubuta Musa, sai bashin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko na lambobin mutanen Katsina da Jibiya zai ɓace. Kuɗi a rubuta su da cikakkiyar lamba, kuma in ka saro kaya da naira, a ajiye canjin ranar a layin wannan sarin. Canjin yau ba shi zai auna sarin watan jiya ba. Ka ce masa ya zaɓi UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, tun farko, don ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su fito daidai a takardar ciniki. Sannan fitar kaya da shigar kuɗi su zama aiki guda ɗaure: ko su shiga tare, ko su fasa tare in wuta ta ɗauke a tsakani.

Kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, ka karɓi kalmar sirrin mai gida, wadda ke da cikakken iko a kan rumbun, a hannunka. Yaran kanti kowa da tasa, mai ikon shigarwa kawai, ban da gogewa. Na taɓa ganin kantin da mai tsarin ya tafi ci-rani da kalmar sirri a kansa, aka koma littafi da biro har wata biyu.

Wata Hajiya mai farmasi a unguwar Zariya ta ce kuɗin hannunta na abu ɗaya ne: sabuwar kwamfuta ko ondilar, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke?

Hajiya, ondilar. In tsohuwar kwamfutar tana tashi, a canza mata faifan ajiya zuwa SSD, irin mai sauri, a busa mata ƙurar hunturu, za ta ƙara shekaru. Abin da ya rage ki sayi kile biyu, wato filashin USB. Kowane dare a kwafe rumbun, ɗaya ta kwana a gida, ba a aljihun teburin farmasi ba. Sau ɗaya a wata ki sa a buɗe kwafin a wata na'ura a gabanki, a nemo cinikin jiya. Mutane da yawa sai ranar da faifai ya mutu suke gane cewa kwafinsu fanko ne.

Sai ɗalibi daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mai tambayar ko ya biya kuɗin hayar saba (kwamfutar da ke riƙe bayanai a intanet) don koyon SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Sauke SQLite, ƙaramin rumbun bayanai wanda Richard Hipp ya fitar a 2000: fayil guda ne, kyauta, ba ya buƙatar intanet, kuma yana cikin wayar Android ɗinka tuni. Ka roƙi littafin bashin wani mai kanti na unguwarku, ka canza sunayen, ka mayar da shi tebura huɗu. Ranar da ka iya fitar da jerin waɗanda bashinsu ya haura jaka 50 kuma ya wuce kwana 30 da umarni guda, ka koma PostgreSQL, ka zo in haɗa ka da Alhajin da ya yi tambayar farko.