Tambaya da Amsa: Wai kilishi da sigari duk ɗaya ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni dai wata murya ce aka turo mana a gurup ɗin WhatsApp na matan unguwa, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kilishi na kawo ciwon daji daidai da sigari, har da kashi 18 cikin 100. Maigidana kilishi yake saidawa a tasha, yara kuma kullum sai sun ɗan taɓa, wallahi hankalina ya tashi. Gaskiya ne?
Daga wata uwargida, Sabon Gari, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Maganar tana da tushe, amma mai muryar nan ya yi mata gishiri da yawa.

A watan Oktoba na 2015 ne cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) da ke Liyon a Faransa ta tara masana 22, suka duba bincike sama da 800, suka sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe a rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo ciwon daji, inda taba take. Busasshen nama na ciki, to kilishi ma bai tsira ba. Sai dai rukunin nan yana nuna ƙarfin hujja ne kawai, wato an tabbatar abin na iya jawo cutar, ba wai ɓarnarsu ɗaya ba. Kunama da kububuwa duk an tabbata suna da dafi ai. Ita OMS ɗin da kanta ta kawo ƙiyasin cewa taba na kashe mutum wajen miliyan 1 a shekara ta hanyar ciwon daji, shi ko naman nan wajen 34,000.

To sai kashi 18 ɗin, nan ne ake ruɗa mutane, don ba ana nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu ba, ƙari ne a kan hatsarin dajin babban hanji da dama yake akwai, kuma ga wanda ke cin giram 50 kullum-kullum ba fashi. A Ingila misali wajen mutum 6 cikin 100 ke samun dajin babban hanji a tsawon rayuwarsu, in duk ɗarin nan suka lizimci giram 50 ɗin sai ya koma wajen 7. Mutum ɗaya ya ƙaru kenan. Ba a raina shi ba, rai ne, amma ina ya kai sigari? Kuma tsakani da Allah, da tsadar naman nan gida nawa ne a Maraɗi ke cin kilishi haka kullum?

Maigida ya ci gaba da sana'arshi, yara su taɓa jefi-jefi, ki yawaita musu wake da zogale a dambu. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida ko yana ta rama ba dalili, kar a tsaya ana jiƙa sassaƙen basir, a kai shi likita a duba.